Kurakuran da aka fi yi a shirin ko-ta-kwana na malalar mai da sinadarai daga jiragen ruwa

Ranar 24 ga Maris 1989, jim kaɗan bayan tsakar dare, jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a Alaska, ya zubar da ɗanyen mai kimanin tan 37,000. Tashar da jirgin ya taso daga cikinta tana da rubutaccen shirin ko-ta-kwana, kuma shirin ya yi alkawarin kai kayan aiki wurin cikin sa'o'i biyar. Da aka tashi nema, sai aka tarar an sauke kayan daga kwale-kwalen da ya kamata ya ɗauke su, wasu ma ƙanƙara ta binne su. Sai da aka haura sa'o'i goma kafin su isa. Teku ta yi kusan kwana uku tana kwance luf, ba a ci moriyar wannan dama ba, a daren na uku guguwa ta taso ta watsa man zuwa gaɓoɓi masu nisa.

Kuskure na farko ke nan, kuma shi ne uban sauran: ɗaukar takarda a matsayin shiri. Dokar MARPOL, yarjejeniyar duniya ta hana jiragen ruwa gurɓata teku, ta wajabta wa kowane jirgin dakon mai da girmansa ya kai tan 150, da kowane irin jirgi da ya kai tan 400, ya riƙe kundin matakan gaggawa na malalar mai, wanda ma'aikatan jirgi ke kira SOPEP. Masu dakon sinadarai masu ruwa-ruwa suna da nasu, SMPEP. Yarjejeniyar OPRC ta 1990 kan shirin ko-ta-kwana da haɗin kai wajen malalar mai, wadda hatsarin Alaska ya haifar, ta ɗora irin wannan nauyi a kan ƙasashe da tashoshinsu. Saboda haka kundi ba ya wuya, kowa yana da shi. Abin da ke wuya shi ne a sami wanda ya buɗe shi tun bayan ranar da mai bincike ya buga masa hatimi. Lambar wayar da ke ciki ta jami'in da ya yi ritaya ce, injin da aka lissafa an cire batirinsa an sa wa wani, shingen roba ya bushe ya tsattsage a cikin sito.

Gyaran ba shi da wani sirri, sai dai yana da gajiya. A kira kowace lamba da ke cikin kundin lokaci zuwa lokaci, har da tsakar dare da ranar hutu, a ga wa zai ɗauka. A fito da kaya a jefa su cikin ruwa da gaske, a duba agogo. Atisayen da aka sanar da ranarsa wata guda kafin a yi, aka gayyato masu ɗaukar hoto, biki ne kawai. Wanda ke da amfani shi ne wanda aka shammaci mutane da shi, abubuwa suka cakuɗe, aka zauna aka rubuta inda aka gaza ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai jinkirin sanarwa. Kyaftin ya ga matsala, amma yana fatan injiniyoyinsa za su gyara kafin kowa ya ji, ko yana jiran izinin masu jirgi kafin ya nemi taimakon da zai ci kuɗi. A Maris 1978 sitiyarin jirgin dakon mai Amoco Cadiz ya lalace da safe a kusa da gaɓar Brittany ta Faransa. An ɗauki fiye da sa'a guda kafin a nemi jirgin ja, da ya zo kuma aka shiga ciniki a kan sharuɗɗan aiki, kyaftin yana ta tuntuɓar ofishin kamfani a Chicago. Da dare jirgin ya hau duwatsu, ɗanyen mai sama da tan 220,000 ya tsiyaye. Ya kamata shirin kowane kamfani ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa kyaftin yana da ikon kiran masu ceto da sanar da ƙasa mafi kusa ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma ba za a hukunta shi ba idan daga baya aka ga abin bai kai haka ba. Rahoton farko ba sai ya cika ba. Wuri, lokaci, irin kayan da ke ciki da yanayin iska sun isa a fara motsi, sauran bayani ya biyo baya.

A ɓangaren ƙasa kuwa, ciwon da ya fi kashe shiri shi ne rashin sanin wa ke da ta cewa. Hukumar tasha, sojojin ruwa, ma'aikatar muhalli, gwamnan yankin, masu inshora, kowa da bakinsa, kowa kuma yana tsoron a ce shi ya yanke hukuncin da ya ɓaci. Wannan ya fi fitowa fili idan jirgi mai rauni ya nemi mafaka. A Nuwamba 2002 jirgin dakon mai Prestige, ɗauke da baƙin mai mai kauri tan 77,000, ya tsage a kusa da Galicia ta Sifaniya. Maimakon a shigo da shi wani lungu mai kwanciyar ruwa a kwashe man, sai aka umarci a ja shi can cikin teku. Ya yi kwana shida ana yawo da shi cikin igiyar ruwa yana tsiyaya, ranar 19 ga wata ya rabe biyu ya nutse, man ya ɓata gaɓar Sifaniya har ya kai Faransa. An gudu ba a tsira ba.

Ina fahimtar mai mulkin da ya ƙi karɓar irin wannan jirgi. Wa zai tsaya gaban masunta ya ce musu shi ya kawo musu bala'i har ƙofar gida? Shi ya sa bai kamata a bar wannan hukunci sai ranar da abin ya faru ba, kuma bai kamata a bar shi a hannun mai neman ƙuri'a ba. Birtaniya ta koyi wannan darasi bayan hatsarin Sea Empress na 1996 a Milford Haven: ta naɗa jami'i guda ɗaya da ke da ikon ba da umarni na ƙarshe a kan ceton jirgi, ba tare da 'yan siyasa sun sa masa baki ana cikin aiki ba. A Janairu 2007 wannan ofishi ne ya sa aka kai MSC Napoli, jirgin kwantena da ya tsage, aka dasa shi da gangan a bakin gaɓar Devon don kada ya karye a tsakiyar teku. An sha suka, amma an kwashe mafi yawan man da ke cikinsa. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta fitar da ƙa'idojin ba da mafaka a 2003. Abin da ya rage wa kowace ƙasa shi ne ta auna wuraren da za su iya zama mafaka tun ana zaman lafiya, ta kuma rubuta sunan muƙamin da zai ce a shigo ko kada a shigo.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa jiragen dakon mai kaɗai ne abin tsoro. Wakashio, wanda ya hau kan murjani a Mauritius ranar 25 ga Yuli 2020, jirgin dakon busassun kaya ne, kuma babu kaya a cikinsa. Man da yake ƙonawa a injinsa ne ya malala, kimanin tan 1,000, kusa da wuraren da ake killace halittu. Abin takaicin ma, sai ranar 6 ga Agusta man ya fara fita, wato an sami kwana goma sha biyu da za a iya yin shiri a cikinsu. Duk babban jirgin da ke wucewa ta gabanka yana ɗauke da dubban tan na mai a cikinsa, ko da tasharka ba ta taɓa karɓar tanka ba. Shirin da ya ƙidaya jiragen da ke shigowa tasha kawai, ya manta da masu wucewa, rabin shiri ne.

Yanzu ga inda na fi ganin ana yaudarar kai, wato kayan aiki. Shingen roba mai yawo a kan ruwa yana da kyau a hoto, shi ya sa shugabanni ke son a gan shi an zagaye jirgi da shi. Amma da zarar gudun ruwan da ke dukan shingen kai-tsaye ya wuce kimanin kilomita 1.3 a sa'a, gudun da bai kai tafiyar mai ƙafa ba, man sai ya nutsa ta ƙarƙashinsa ya wuce. A wurin da ruwa ke gudu, karkata shingen ake yi don ya tura man zuwa wani lungu da za a iya kwashewa, ba a gicciye shi. Injinan kwashe mai daga saman ruwa su ma igiyar ruwa kaɗan take hana su aiki, kuma a tsakiyar teku da wuya a kwaso fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ya zube. Mai tsara shiri da ya san haka zai daina mafarkin tare mai a teku baki ɗaya, ya koma tambayar da ta fi muhimmanci: idan shingen da nake da shi ba zai kare ko'ina ba, ina zan fara karewa? Bakin bututun da tashar lantarki ko matatar ruwan sha ke zuƙar ruwa, wurin kiwon kifi, fadamar bakin teku, ko gaɓar 'yan yawon buɗe ido? Wannan muhawara ce mai zafi, kuma a yi ta da masunta da sauran masu ruwa da tsaki tun kafin ranar, a zana ta a taswira. Hasashen inda man zai nufa ba shi da wuya sosai: yana bin gudun ruwa gaba ɗaya, ya ƙara da kimanin kashi 3 cikin ɗari na gudun iska.

Sinadarin da ake fesawa don tarwatsa mai kuma lokaci ne da shi. Mai yana shiga teku yake fara canzawa. Sassansa marasa nauyi su tashi a iska, sauran ya haɗiye ruwa ya zama wani abu mai kauri da danƙo, girmansa ya ninka sau uku ko huɗu. Idan ya kai wannan matsayi feshi ba ya cin sa. Damar sau da yawa sa'o'i ce zuwa 'yan kwanaki, saboda haka ƙasar da za ta kafa kwamiti ranar hatsari don tattauna ko a yi feshi ta riga ta makara. A amince tun yanzu da irin sinadarin da aka yarda da shi, da zurfin ruwa da nisa daga gaɓa da za a iya amfani da shi.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato wuce gona da iri. A 1967, bayan jirgin dakon mai Torrey Canyon ya fashe a kusa da Cornwall ta Birtaniya, an kwarara dubban tan na sinadaran wanki masu guba a kan gaɓa, suka kashe halittun da man bai kashe ba. Bayan Amoco Cadiz an shiga wata fadama da manyan motoci aka kankare ƙasarta, wuraren da aka bari ba a taɓa ba suka riga ta farfaɗowa. Garin gyaran gira a rasa ido. Gaɓar dutse da igiyar ruwa ke duka kullum takan wanke kanta, kuma wani lokaci barin wuri ana sa masa ido shi ne aikin da ya dace, ko da jama'a za su ce ba a yin komai.

Babban giɓin da ke cikin yawancin kundaye shi ne sinadarai. Sau da yawa za ka ga an ɗauki shirin mai an ƙara kalmar "da sinadarai" a kan bango, shi ke nan. Alhali mai yawanci yana yawo a sama ana ganinsa, sinadari kuwa yana iya tashi ya zama iska mai guba, ko ya narke a ruwa, ko ya nutse ƙasa, ko ya yi yawo, wani ma ya haɗa biyu. Shinge ba ya tare abin da ya narke. A nan tambayar farko ita ce ran mutane: ina iska ta nufa, wa ke zaune a can, za a kwashe su ne ko a ce su rufe ƙofa su zauna a ciki? A Disamba 1987 jirgin Cason ya kama wuta a kusa da Finisterre ta Sifaniya, cikin kayansa akwai ƙarfen sodiyam da ke fashewa idan ya taɓa ruwa. Ma'aikata 23 suka mutu, aka kwashe dubban mutane daga garuruwan gaɓa cikin ruɗani, domin an daɗe ba a tantance ainihin abin da ke cikin jirgin ba. A Mayu 2021 X-Press Pearl ya iso kusa da Colombo da kwantenar asid tana yoyo, bayan tashoshi biyu, a Qatar da Indiya, ba su karɓi kwantenar ba. Ya ƙone ya nutse, ƙananan ƙwayoyin roba da yake ɗauke da su suka rufe gaɓar Sri Lanka, abin da babu shinge ko feshin da aka tanada dominsa. Yarjejeniyar OPRC-HNS ta 2000 ta buƙaci ƙasashe su yi wa sinadarai shiri na musamman. A aikace wannan yana nufin hanyar samun takardar kayan jirgi cikin mintuna, masanin sinadarai da za a iya tasa daga barci, na'urar auna iska, da rigunan kariya da aka gwada a jikin waɗanda za su sa su. Kada a tura kowa kusa da jirgin kafin a san abin da ke ciki.

Abu biyu ne kusan kullum ake mantawa da su, domin ba su da armashi. Na farko shara. Jirgin Erika ya zubar da baƙin mai kimanin tan 20,000 a gaɓar Faransa a Disamba 1999, amma gurɓataccen yashi da ciyayi da tarkacen da aka tara sun haura tan 250,000. Idan ba a tanadi filin ajiya na wucin gadi mai shimfiɗar da ba ta yoyo ba, da motoci, da izinin zubarwa, aikin kwasa yakan tsaya cak saboda babu inda za a juye, ko kuma a kwashe gurɓata daga gaɓa a kai ta cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka 'yan sa-kai: bayan hatsarin Hebei Spirit a Koriya ta Kudu a 2007 sama da mutum miliyan ɗaya suka fito. Irin wannan taro yana bukatar safar hannu, takalma, horo na ɗan lokaci da wurin wanke jiki, in ba haka ba su ma su zama marasa lafiyar da za a yi jinya.

Na biyu shi ne rubuta abin da aka kashe. Akwai tsarin biyan diyya na duniya, yarjejeniyoyin 1992 na malalar man tanka da ta 2001 ta man injin jirgi, amma masu biya hujja suke nema, kuma suna duba ko matakin da aka ɗauka ya dace da hankali a lokacin da aka ɗauke shi. Tun sa'ar farko a naɗa mutum wanda ba shi da wani aiki sai rubutu: wa ya ba da umarni, ƙarfe nawa, saboda me, jirage nawa aka yi haya, ma'aikata nawa suka yi sa'o'i nawa. A ɗebi samfurin man daga teku da kuma daga tankin jirgin, a rufe a sa hannu a gaban shaida. A gaya wa masunta su adana rasit da bayanan kamun da suka yi a shekarun baya, domin da su za a auna asarar da za a biya su.