Yaron da ya iya riƙe fitsari ya koma jiƙa wando da rana: abin da ya kamata iyaye su yi

Idan yaro ya yi wata 6 ko fiye yana zuwa banɗaki da kansa, sai kwatsam ya fara dawowa daga makaranta ko wurin wasa da wando a jiƙe, yawancin iyaye sangarta ko ganganci suke fara zato. Ba kasafai hakan ke zama dalili ba. Yaron da ya san daɗin tsafta, ya kuma san kunyar da ke cikin a gan shi a jiƙe a gaban tsararrakinsa, ba zai koma wa wannan hali don son ransa ba, akwai abin da ya canza a jikinsa ko a rayuwarsa, kuma aikin iyaye shi ne su gano shi.

Kafin komai, a ajiye bulala, a kuma hana yayye da ƙanne tsokanarsa ko kiransa amalala. Ina jaddada wannan ne saboda tsoron duka yana sa yaro ya riƙa ɓoye wandon a ƙarƙashin katifa ko bayan randa, ya kuma ɓoye zafin da yake ji wajen fitsari, alhali wannan zafin ne zai nuna wa likita hanya. A canza masa kaya ba tare da faɗa ba, a tambaye shi a keɓe ko wani wuri yana masa ciwo.

Daga nan sai a ɗauki kwana 3 ana lura ana rubutawa a takarda: ƙarfe nawa ya yi fitsari, ƙarfe nawa ya jiƙe, ɗigo ne ko kuwa duka ya saki, me ya sha, kuma yaushe ya yi bayan gida. Yaro mai lafiya ɗan shekara 5 zuwa sama yakan yi fitsari sau 4 zuwa 7 a yini. A lura da shi lokacin wasa musamman. Za a ga wani yana harɗe ƙafafu, yana dafe gabansa, ko yarinya ta durƙusa ta danna dunduniyarta a ƙasanta ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ci gaba da wasa. Duk waɗannan alamu ne na yaron da ke matse fitsari har mafitsara ta fi ƙarfinsa.

Akwai alamomin da ba a jira wa kwana 3. Idan yaron yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari mai yawa dare da rana, yana ramewa duk da yana cin abinci, ko aka ga tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, a kai shi asibiti a ranar a auna sugansa, domin ciwon suga na yara yana tsananta cikin kwanaki kaɗan. Haka nan idan akwai zazzaɓi tare da amai ko ciwon kwiɓi, ko jini a fitsari, ko ciwon baya da raunin ƙafafu da canjin tafiya, ko ya fara sakin kashi shi ma bai sani ba.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ya dace a yi gwajin fitsari a makon farko, domin cutar hanyar fitsari tana daga cikin manyan dalilai, kuma ta fi kama yara mata saboda hanyar tasu gajera ce. Alamunta su ne zafi ko kuka wajen fitsari, zuwa banɗaki a kai a kai ana yin kaɗan kaɗan, da fitsari mai wari ko mai duhu. Kada a je kemis a sayo maganin ƙwayoyin cuta kafin gwaji, saboda yana iya ɓata sakamakon, ya kuma bar cutar ba ta mutu ba. A gaya wa likita idan yaron yana wanka a kududdufi, tafki ko madatsar ruwa, domin tsargiya tana fusata mafitsara, kuma sau da yawa jininta a ƙarshen fitsari yake fitowa. Idan yaron yana da sikila ma a faɗa, domin ƙodar masu sikila ba ta iya tace fitsari ya yi kauri yadda ya kamata, shi ya sa nasu yake da yawa. Ƙaiƙayin dubura da dare kuwa yakan nuna ƙananan tsutsotsi, waɗanda a yara mata sukan kai ga gaba su jawo ƙaiƙayi da ɗigon fitsari.

Dalilin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne taurin bayan gida. Ƙarshen hanji yana bayan mafitsara ne daf da ita. Idan kashi ya taru ya yi tauri a nan, sai ya danne mafitsarar ya rage mata wuri, ta riƙa matsewa ba shiri, wani lokaci kuma ta kasa zubar da fitsari duka. Matsalar ita ce da zarar yaro ya iya shiga banɗaki shi kaɗai, uwa ta daina ganin bayan gidansa, idan an tambaye shi sai ya ce ya yi. Saboda haka a duba da ido. Idan yana yin ƙasa da sau 3 a mako, ko yana yunƙuri da nishi, ko kashin yana fitowa ƙwaya ƙwaya kamar na akuya, ko ana ganin shafinsa a wando, to akwai tauri. A ƙara masa ruwa, da miyar alayyafo, zogale ko kuɓewa, da wake, gwanda, lemu da mangwaro, a rage biskit da taliyar leda. A saba masa da zama ko tsugunawa a banɗaki na minti 5 bayan cin abinci. Idan taurin ya daɗe, abinci kaɗai ba ya warware shi, sai likita ya rubuta maganin laushin ciki, kuma sau da yawa ana shan sa na watanni, ba a dainawa don an ga sauƙin kwana biyu.

Ita kuma mafitsarar ana sake koya mata tsari ne da agogo. A tura yaron banɗaki duk bayan awa 2 zuwa 3, ko ya ce yana ji ko ba ya ji: da tashi daga barci, kafin fita makaranta, lokacin tara, da dawowa, kafin Islamiyya, da kuma kafin kwanciya. Kada ya yi sauri, kada kuma ya yi yunƙuri. Yarinyar da ke jiƙewa jim kaɗan bayan ta fito daga banɗaki, yawanci fitsari ne ke maƙalewa a gabanta saboda ta haɗe cinyoyi, sai a koya mata ta sauke wando har ƙasa ta ware ƙafafu, kuma wajen tsarki ta wanke daga gaba zuwa baya. Idan masan na zama ne, a sa ƙaramar kujera ƙarƙashin ƙafafunta.

Kada a hana yaro ruwa don gudun jiƙewa. Fitsari mai kauri ya fi fusata mafitsara, kuma ƙarancin ruwa yana ƙara taurin bayan gida, balle a lokacin bazara. A raba masa kofi 6 zuwa 8 a yini, a rage masa shayi da lemon kwalba.

A je makaranta a ga banɗakin da ido. Yara da yawa suna matse fitsari tun safe har tashi saboda masan ba ƙofa, ba ruwa, ko suna tsoron ɗaga hannu a aji. A yi magana da malamar a asirce ta riƙa barinsa ya fita, a kuma sa masa wando na canji a jaka. A duba gida ma, domin haihuwar ƙani, tashi zuwa sabuwar unguwa, rabuwar iyaye ko kai yaro riƙo duk suna iya jawo wannan. Idan kuma ya fara tsoron wani mutum na musamman, ko aka ga rauni ko ruwa a gabansa, a saurare shi da natsuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Idan gwaji ya fito lafiya, an gyara bayan gida, an kuma bi agogon na mako 4 zuwa 6 ba a ga sauƙi ba, a koma wurin likitan yara da takardar da aka rubuta, domin a kanta zai duba ko ana buƙatar hoton mafitsara da ƙoda ko maganin da ke sassauta matsewar mafitsara.