Yadda Ake Rage Asara da Gurɓatar Muhalli a Wurin Haɗa Takin Zamani da Ajiye Shi

Duk wanda ke kula da wurin haɗa takin zamani ko sito na ajiyarsa ya kamata ya fara da duban daɓen ƙasa, domin a nan ne yawancin asarar take faruwa ba tare da an lura ba. Ƙwayar da ta zube a ƙarƙashin bel mai jan kaya, ko a bakin injin cika buhu, ko inda mota ke sauke kaya, taki ce cikakkiya muddin a bushe take kuma ba ta gauraya da datti ba. Da zarar ruwa ya taɓa ta sai ta narke ta bi kwata, mai ita ya yi asara, rafi da rijiyoyin da ke kusa kuma su gurɓace. Takin da ya shiga tafki yakan sa gansakuka ta rufe samansa har kifaye su rasa iskar shaƙa, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada sinadarin naitiret, wanda taki ke sakewa cikin ruwa, ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, musamman saboda haɗarinsa ga jinin jarirai.

Saboda haka matakin farko shi ne a raba ruwa da taki. A tabbatar rufin ba ya yoyo, a daɓe ƙasa da siminti, a cike duk wata tsaga, a kuma ɗaga bakin ƙofa yadda ruwan sama ba zai kwararo ciki ba. Lodi da saukewa a yi su ƙarƙashin rumfa, a kan daɓen da ya karkata zuwa ramin tattarawa, ba zuwa magudanar waje ba. Idan taki ya zube, a share shi a bushe da tsintsiya da shebur nan take, kafin tayar mota ta niƙe shi. Wanke daɓe da tiyo al'ada ce da ma'aikata ke so don saurinta da kyawun gani, amma a ganina babu al'adar da ta fi ta ɓarna a wannan sana'a.

Akwai kuma ruwan da ido ba ya gani, wato danshin iska. A zafin digiri 30, yuriya tana fara shan danshi idan laimar iska ta haura kusan kashi 73 cikin ɗari, takin amoniyam naitiret kuwa tun daga kusan kashi 59. Idan aka gauraya su biyun, adadin yana faɗowa zuwa kusan kashi 18, wanda ke nufin ko a busasshiyar iska ma tarin zai jiƙe ya zama caɓi cikin ɗan lokaci. Don haka kada a ajiye su kusa da juna, kada kuma su bi bel ɗaya ba tare da an share shi ba. Yuriya da sufa, wato takin fosfet, ma ba sa jituwa sosai, domin haɗinsu yana fitar da ruwa ya yi danƙo, farar ƙasa kuwa idan ta haɗu da taki mai amoniya sai a ji wari mai yaji a hanci, wanda shi ne naitirojin da aka saya yake tafiya a iska. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, kada a yi musu tsayin da na ƙasa za su dunƙule, kuma wanda ya fara shigowa shi ya fara fita. Tarin da ba ya cikin buhu a lulluɓe shi da tamfol, a riƙa rufe ƙofa.

A wajen haɗawa, girman ƙwaya shi ne abin lura. Idan ƙwayoyin fotash sun fi na yuriya ƙanƙanta, girgizar hanya za ta sa ƙananan su kwanta ƙasa manya su taso sama, har buhu ya daina dacewa da abin da aka rubuta a jikinsa, a dawo da shi. A tankaɗe samfurin kowane kaya kafin a karɓa, a riƙa gwada sikeli da sanannen nauyi. Ƙura tana tashi ne inda taki ke faɗowa daga nesa, don haka a rage tsayin faɗowar, a rufe mahaɗar bel, a sa injin zuƙar ƙura mai matata, abin da ya tara kuma a mayar da shi cikin aiki.

Tankin takin ruwa yana buƙatar katangar siminti kewaye da shi, wadda bisa ƙa'idar da aka fi bi za ta iya ɗaukar kashi 110 cikin ɗari na abin da babban tanki ke ci. Famfon fitar da ruwan da ke katangar ya zauna a kulle, kuma ruwan saman da ya taru a ciki kada a sake shi sai an gwada.

Sharar da aka tara tana da nata hukunci. Mai tsabta a mayar da ita cikin irinta, wadda ta gauraye a auna ƙarfinta a sayar da ita a matsayin ƙaramin taki. Amma sharar amoniyam naitiret da ta taɓa mai, ko garin katako, ko fotash mai kulorin, kada a kuskura a mayar da ita cikin tari, domin waɗannan suna ƙara masa saurin tarwatsewa idan wuta ta kama. Kimanin tan 2,750 nasa da aka bari shekaru a wani sito a tashar jiragen ruwa ta Beirut a ƙasar Lebanon su ne suka fashe ranar 4 ga Agustan 2020, suka kashe mutane sama da 200. A keɓe irin wannan shara a mazubi mai alama, nesa da wuta da man injin.

A ƙarshen kowace rana a auna sharar kowane sashe a rubuta a littafi. Bayan makonni kaɗan alƙaluman za su nuna wace mahaɗar bel ce ke zuba, wane bakin inji ne ya sassauta, sai a fara gyara daga inda nauyin ya fi yawa.