Yadda Na Gyara Injin Dizal Da Ya Ƙi Tashi Saboda Wayar Ƙwaƙwalwa

Kwana uku motata mai injin dizal tana ƙin tashi, alhali sitata tana juya injin da ƙarfi. Da farko na zargi hanyar mai, har na sauya matatar dizal na fitar da iskar da ke cikin bututu, amma ko hayaƙi bai fito daga salansa ba, alamar cewa nozul ba sa fesa mai.

Batir ya nuna volt 12.6, saboda haka na cire shi daga zargi. Abin da ya karkatar da hankalina shi ne, na'urar binciken da na jona ta kasa magana da ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. Na cire kan batir na auna tsakanin fil na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar bincike, na sami ohm 60 kamar yadda ya kamata, wato layin sadarwa tsakanin na'urar da ƙwaƙwalwar lafiya yake. Fiyus da rile ma ba su da laifi.

Sai na koma kan wayar at ta ƙwaƙwalwar, wato wayar da ke haɗa ta da jikin injin don wuta ta koma batir. Mita ta nuna ba ta tsinke ba, kuma nan ne na kusa ruɗuwa, domin zare ɗaya da ya rage a cikin waya ya isa ya yaudari wannan awon. Da na auna faɗuwar wuta, wato ƙarfin wutar da ke ɓacewa a kan wayar, yayin da ake murza makulli, sai na ga ta haura volt 1, alhali bai kamata ta wuce 0.2 ba. Na kwance ƙusar da ta ɗaure wayar a jikin injin na tarar tsatsa ta cinye kan wayar. Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na sa sabon kai, na goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, na ɗaure tamau. Murzawa ɗaya injin ya tashi.