Yadda ake hawan Duwatsun Shere a dawo lafiya

Duwatsun Shere suna gabas da Jos, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari, kuma ƙololuwar da ta fi tsayi ta kai mita 1,829 sama da teku. Ita kanta Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200, shi ya sa baƙon da ya taso daga Abuja kan fara haki tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, ƙafa tana kama shi sosai, sai dai hazon hunturu kan rufe gari, ka hau ka kasa hango komai. Da damina wurin ya fi kyau nesa ba kusa ba, ko'ina kore shar, amma gansakuka kan lulluɓe falalen dutse, ga santsi ga tsawa. A ganina wanda bai taɓa hawa ba ya bari sai ruwa ya ɗauke. Kowane lokaci ka zaɓa, ka fita bayan sallar asuba, don ka sauko kafin rana ta take.

Sai neman ɗan jagora, kuma a nan mutane suka fi yin ganganci. Daga ƙasa dutsen kamar kusa yake, hanya kuma kamar guda ɗaya ce. Da ka shiga tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna, kowane lungu kama yake da ɗan'uwansa. 'Yan ƙauyukan da ke gindin dutsen, galibi Afizere, sun san inda kogo yake da inda hanya ta mutu. Ka yi sallama, ka gaida dattawa, ka tambayi ko akwai wurin da ba a son baƙo ya taka, sannan ku yi ciniki da jagora tun a ƙasa. Akwai kuma cibiyar gwamnatin tarayya ta horar da matasa kan shugabanci a gindin duwatsun, wadda ta daɗe tana kai mutane sama. Ka bincika halin da yankin ke ciki kafin ranar, ka kuma gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowa.

Kaya kaɗan ne: kambas mai kaushin ƙasa, wando mai sakewa, hula, rigar sanyi, ruwa aƙalla lita 2, da ɗan dabino ko gyaɗa. Silifas ya zauna a gida. Jaka ta zama ta goyo, domin hannu biyu duk aiki za su yi.

Wajen hawa, taku gajere ya fi. Kada ka ɗaga ƙafa sai ɗayar da hannuwanka sun sami mariƙa. Kada ka zura hannu cikin tsagar dutsen da ba ka ga cikinta ba, maciji da kunama can suke fakewa. Shingen ƙerana da manoma ke zagaye gona da shi ma a kiyaye, farin ruwansa in ya shiga ido sai an ji jiki. Ku tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinku.

In an kai sama a huta, a ɗau hoto nesa da baki, a tattara robobi da ledoji a jaka.

Saukowa ta fi hawa haɗari, don gwiwa ta gaji, hankali kuma ya koma gida. Inda gangara ta yi tsanani, juya ka fuskanci dutsen, ko ka zauna ka ja gindi, ba abin kunya ba ne. A bar tazara tsakanin mutum da mutum saboda tsakuwar da kan gangaro. In hadari ya haɗu kuna hanya, ku juya nan take, ko da ƙololuwar na gabanku.