Yadda na gyara gilashin ƙofar direba da ya ƙi tashi

Kwana huɗu gilashin ƙofar motata yana ƙasa, ga damina. In na danna makunni, shiru, ko ƙarar injin ɗaga gilashin ba na ji. Sauran ukun kuwa lafiya lau.

Na fara da fis, na same shi garau. Na sayo sabon makunni na sa, a banza, kuɗina ne kawai suka tafi.

Abin da ya tona asirin matsalar shi ne, wata rana na danna makunnin ƙofa tana buɗe rabi, sai gilashin ya ɗan motsa. Na rufe ƙofar, ya sake mutuwa. Nan na gane waya ce.

Na cire murfin ƙofar, na kunna mota, na ɗora mitar auna wuta a kan wayar da ke kawo wa makunni wuta. Maimakon wuta mai ƙarfin bolt 12, babu komai, sai in na girgiza ƙofar wutar take zuwa ta ɗauke. Na janye robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, sai ga waya ɗaya ta karye daga ciki, bawonta kaɗai ke riƙe da ita. Yawan buɗewa da rufewa ne ya cinye ta.

Na cire kan batir tukuna. Na yanke wurin da ya lalace, na ƙara guntuwar waya mai kauri ɗaya da ita, na liƙe da dalma, na naɗe da tef, na tura mahaɗin cikin ƙofa don kada ya zauna inda ake lanƙwasawa. Bayan na mayar da batir, na ɗaga gilashin har ƙarshe, na riƙe makunnin kamar daƙiƙa 3 don tsarin da ke sa gilashin tashi da kansa ya dawo.

Alhamdu lillahi, yanzu sumul yake hawa.