Yadda Ake Kula da Ibadar Mara Lafiya Idan Ciwo Ya Tsananta

Idan aka ɗauko mara lafiya daga ƙauye zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, hankalin 'yan'uwa yakan tafi ga kuɗin magani da neman jini, alhali shi wanda ke kwance sau da yawa abin da ke cin ransa shi ne sallolin da suka wuce shi. Don haka mai jinya ya fara da nan.

A sanya ɗan dutse mai tsarki a cikin kayan jinya, domin wanda aka ɗaura wa ƙarin ruwa wani lokaci ba ya iya alwala, kuma aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ba shi damar yin taimama. Idan lokaci ya yi, a sanar da shi a hankali, a kusanto masa da dutsen. Annabi (SAW) ya gaya wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Kada a cire masa bututun oksijin ko a jijjiga gado saboda neman alƙibla ba tare da izinin ma'aikatan jinya ba.

Wajen tofi, a karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi da murya ƙasa-ƙasa, a shafa masa. Amma a nan ne ake kuskure mai haɗari: ɗura wa wanda ya suma rubutu ko ruwan zamzam. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan kan zarce huhu ya shaƙe shi. A jiƙa auduga a shafa masa a leɓe, ya wadatar. Turaren wuta kuwa bai da wuri kusa da oksijin, don gobara.

Masu dubiya su taƙaita zama. "Sannu Baba, Allah ya sa kaffara ne" ta fi dogon labarin wane da irin ciwon nan ya kashe. A kuma kiyaye harshe a bakin gado ko da idonsa a rufe yake, domin mai yiwuwa yana ji.

Idan likita ya ce jiki ya yi nisa, a zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya zauna daf da kunnensa yana faɗin La ilaha illallah, ba tare da ya matsa masa da "faɗi mana" ba. In ya furta, sai a yi shiru, ba za a maimaita ba sai idan ya sake wata magana.