Ɓarnar da masu sabon hannu ke yi wa tsohon littafin kufan Tadmur

Na gaji da ganin ana kawo mini tsofaffin littattafan zane bayan an gama raunata su, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Misalina shi ne babban littafin da Robert Wood ya wallafa a Landan a 1753 kan kufan Palmira, wato Tadmur ta hamadar Siriya. Shi da James Dawkins suka isa garin a 1751, Giovanni Battista Borra ɗan Italiya ya zana musu, aka sassaƙa zanen a farantan tagulla, aka buga guda 57.

Babbar ɓarna ita ce salatef, kuma a hannuna ta taɓa faruwa. Zanen farko doguwar takarda ce da ake ninkewa, mai nuna kufan daga wannan gefe zuwa wancan. Ta tsage a kan ninki, na juya bayanta na manna salatef, ina ganin na yi gyara. Damina uku kacal, gam ɗin ya narke, ya ratsa takardar, ya ɓullo ta gaba kamar an ɗiga manja, daidai kan jerin ginshiƙai. Ledar ta ɓamɓare da kanta, tabon kuwa yana nan har yau, kullum na buɗe sai raina ya ɓaci. Yanzu siririyar takardar Japan nake sawa, da sitacin alkama da nake damawa da kaina. In ba ka da su, bar tsagar yadda take.

Sai masu sa reza su yanke zane su kai wa mai firam. Haba jama'a! A watan Agustan 2015 'yan IS suka tarwatsa haikalin Baalshamin da na Bel da nakiya, a Oktoba suka rushe wata babbar ƙofa mai baka da ke cikin kufan. Abin da Borra ya auna ya zana ya zama shaida kan ginin da babu shi yanzu, kai kuma ka raba shi da bayaninsa don ƙawata falo, rana tana dukansa? Rubuce-rubucen duwatsu da aka kwafo a ciki su suka taimaki wani masani Bafaranshe, Barthélemy, ya warware haruffan Palmira a 1754. Ka ɗauki hoto da waya, ka buga, ka rataye wannan.

Kafin ka biya kuɗi, ƙirga zanen ɗaya bayan ɗaya. Bango mai kyau yakan ɓoye giɓi. Kada ka lashi yatsa wajen buɗe shafi. Kada ka danne shi a injin fotokofi, ƙashin bayansa zai karye. Ɗige-ɗigen ruwan ƙasa da ke jikin takarda ba na gogewa da bilic ba ne, ƙyale su.

Wasu na son safar hannu, ni dai nakan wanke hannu in shanya, don safa takan kama bakin takarda. Ba na ƙulle shi a leda, raɓa ke taruwa ciki. Kwance nake ajiye shi a kwali, a saman kanta, nesa da bangon ɗaki saboda gara, kuma nakan duba shi duk farkon damina.